Arzikin Ruwa a Gefe Yake: Abin da Gaɓar Teku Ke Koya wa Bakolori

Akwai wani kuskure da ya daɗe yana yawo a ofisoshin ruwa da na noma a arewacin Najeriya, har ya zama kamar gaskiyar da ba ta buƙatar hujja. Kuskuren shi ne ɗaukar cewa yawan ruwa shi ne yawan kifi, kuma duk inda aka tara ruwa mai zurfi an tara arziki. A kan wannan tunani ne ake zuwa bakin madatsa da ayarin motoci, a juye 'ya'yan kifi daga cikin robobi, a ɗauki hoto, a ce an bunƙasa sana'ar su. Babu mai tambaya me kifin zai ci, ko a ina zai yi ƙwai, ko kuwa ƙasan ruwan da aka zuba shi yana da rai.

Madatsar Bakolori, wadda ke kan Kogin Sakkwato kusa da Talata Mafara, ita ce wurin da ya fi dacewa a auna wannan kuskure. An fara gina ta a 1974, aka kammala a 1978, kuma kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya yi aikin. Tsawon bangonta ya kai kilomita biyar da rabi, tsayinsa mita 48. An tsara tafkin ya ɗauki ruwa kubik mita miliyan 450, ya mamaye hekta 8,000, ya miƙa kilomita 19 zuwa ɓangaren Maradun. Waɗannan alƙaluma suna da daɗin karantawa a jawabi. Sai dai masana kifi da suka duba tafkin sun daɗe da faɗin abin da jawabi ba ya faɗa: gefensa marar zurfi kaɗan ne, ruwansa a gurɓace yake da laka, kuma bai kai kogin da tafkunan fadamar da ya maye gurbinsu albarkar kifi ba. Domin a gane dalilin haka, sai an bar Zamfara na ɗan lokaci an leƙa bakin teku, inda aka fara gano ƙa'idar.

Yadda zurfi ke raba gidaje a ƙasan teku

Wanda ya tsaya a gaɓar yashi a Legas ko Badagiri zai ga kamar fili ne fayau, ba kowa a ciki. A haƙiƙa unguwanni ne a jere, kowace da mazaunanta, kuma zurfin ruwa ne mai raba filaye. Can sama inda ruwa ba ya kaiwa sai jefi-jefi, ƙaguwa mai gudu ce ke haƙa rami. A inda igiyar ruwa ke bugawa ta koma, yashi ba ya zama wuri guda ko na minti ɗaya, don haka ba mai iya zama a nan sai gwanin nutsewa cikin yashi. Akwai wata ƙaramar ƙumba da masana ke kira Donax, wadda ke bin cikar teku da janyewarta: igiya ta ɗauke ta ta ajiye, ta yi maza ta binne kanta kafin wata ta zo. Ire-iren halittun da ke wannan yanki ba su da yawa, domin wahalar ta yi tsanani, amma waɗanda suka jure sukan yi yawa ƙwarai.

Da zarar an ƙara nisa, sai ƙarfin igiya ya fara raguwa a ƙasa. Ƙa'idar ita ce igiya tana motsa ruwa ne zuwa zurfin da ya kai kimanin rabin tazarar da ke tsakaninta da mai bi mata. Ƙasa da wannan iyaka, ruwa yana kwanciya, yashi mai laushi da laka suna samun damar sauka. A nan ne ire-iren halittu ke ƙaruwa: tsutsotsi masu gina bututu, dodon koɗi iri-iri, jatan lande, taurarin teku. Idan aka ci gaba da gangarawa, haske yakan ƙare, ruwa ya yi sanyi, abincin da ke saukowa daga sama ya ragu, yawan halittun ma ya ragu tare da shi. Zurfi kansa ba ya yin komai. Abubuwa huɗu ne yake jan ragamarsu, wato motsin ruwa, irin ƙasar da ke shimfiɗe, haske, da iskar oksijin.

Wanda ya fara auna wannan da tsari wani masanin ƙasar Denmak ne, C. G. J. Petersen, a farkon ƙarni na 20. Ya ƙera wani ƙarfe mai baki biyu da ake saukarwa da igiya ya cafko ƙasan teku gwargwadon wani fili sananne, sannan a tace, a ƙirga, a auna nauyin abin da aka samu. Ya gano cewa halittun ƙasan teku suna zaune ne ƙungiya-ƙungiya, kuma kowace ƙungiya tana bin zurfinta da irin ƙasarta. Abin lura shi ne dalilin da ya sa ya yi aikin. Yana son ya san yawan abincin da kifin da masuntan ƙasarsa ke kamawa yake da shi. Tun fiye da shekara ɗari ke nan aka fahimci cewa lissafin kifi daga ƙasan ruwa yake farawa. A shekarun 1950 Alan Longhurst ya yi irin wannan bincike a gaɓar Afirka ta Yamma, musamman Saliyo, ya kuma tarar da tsari makamancin wannan.

Sakamakon a faɗin duniya ba ya ɓoyuwa. Matsakaicin zurfin teku ya kusa mita 3,700, amma gefen nan marar zurfi da ke kewaye da nahiyoyi, wanda bai kai kashi goma cikin ɗari na faɗin teku ba, shi ne ke samar da mafi yawan kifin da ake kamawa. Tsakiyar teku mai shuɗi da zurfi, idan aka kwatanta, kusan hamada ce.

Tekun da ya taɓa kwanciya a ƙasar Sakkwato

Mai karatu zai iya cewa wannan zance na mutanen Legas ne da Kalaba, ba ruwan Bazamfare da shi. Duwatsun ƙasar Sakkwato ba su yarda da haka ba. Kimanin shekara miliyan 70 zuwa miliyan 55 da suka wuce, wani teku marar zurfi ya ratsa inda Sahara take a yau, ya kwanta a kwarin Sakkwato da kudancin Nijar. Dutsen farar ƙasa na Kalambaina, wanda ake haƙa ana yin siminti a Sakkwato tun shekarun 1960, bawon halittun ƙasan wannan teku ne da suka taru suka daskare. A ciki ana samun ƙumba da dodon koɗi da suka zama dutse. A yankin Goronyo aka tono ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku, masana suka raɗa masa suna Goronyosaurus a 1972. Masana duwatsu suna karanta zurfin tekun daga jerin ƙasar da ya bari: yashi a inda ruwa ke motsi kusa da gaɓa, yumɓu a inda ya kwanta, farar ƙasa a inda yake garau kuma haske yana kaiwa ƙasa. Duk wanda ya yi gini da simintin Sakkwato, da albarkar gefen teku ya yi shi.

Abin da ke ƙarƙashin Bakolori

Ƙa'idar da ke aiki a teku ita ce ke aiki a tafki, sai dai a taƙaice. Idan aka raba kubik mita miliyan 450 da faɗin hekta 8,000, matsakaicin zurfin Bakolori a ranar da ta cika bai kai mita shida ba. Wannan ba wani zurfi ba ne a ma'aunin teku. Amma a ruwan da ke ɗauke da laka, haske yakan mutu tun bai yi nisa ba, wani lokaci ƙasa da mita guda. Ke nan mafi yawan shimfiɗar tafkin tana cikin duhu, kuma tsiro ba ya fita a duhu. Inda babu tsiro, babu gansakukar da ke manne masa, babu tsutsar ƙwari da ke cin gansakukar, babu maɓoyar 'ya'yan kifi.

A tafkunan ƙasashe masu zafi akwai ƙarin matsala. Da bazara, rana tana dumama saman ruwa, ruwan ɗumi ya zauna a kan mai sanyi ba tare da sun gauraya ba. Ganye da kashin dabbobi da duk abin da ya nutse yana ruɓewa a ƙasa yana cinye oksijin, ba kuma a mayar da ita sai iska mai ƙarfi ko sanyin hunturu ya juya ruwan. A irin wannan wuri mai zurfi, abin da ke iya rayuwa kaɗan ne: wasu siraran tsutsotsin laka, da wata jar tsutsa, 'yar wani ƙwaro mai kama da sauro, wadda jikinta ke da sinadarin riƙe oksijin irin na jinin mutum. A gefe kuwa, inda ruwa bai wuce gwiwa ko ƙugu ba, ake samun taron: dodon koɗi, ƙumba, tsutsar mazari, ƙwaron ruwa iri-iri, a tsakanin bado da ciyawa.

Kifayen da ake sayarwa a kasuwar Talata Mafara sun san wannan taswira. Karfasa tana share ɗan gurbi a yashin gefe ta yi ƙwai. Tarwaɗa tana jiran ruwan farko ya malala cikin ciyawa ta bi shi ta zuba ƙwai a can. Bargi da yauni sheƙa suke ginawa a cikin ciyawar ruwa. Kurungu yana kiwo ne a ƙasa, yana tonon tsutsa da dodon koɗi. Gaiwa kan binne kanta a laka ta jira damina. Hatta giwan ruwa, sarkin zurfi, a gefe yake yin ƙuruciyarsa, kuma abin da gefe ya raina shi yake ci. Masunta ba su buƙatar a karanta musu wannan. Inda suke kafa gura da inda suke jefa birgi ya isa shaida. Jami'in da ke auna arzikin madatsa da kubik mita ne kaɗai bai sani ba.

Akwai kuma batun sauka da hawan ruwa. Madatsar ban ruwa aikinta ke nan ta cika da damina a zuƙe ta da rani, don haka gefenta yana tafiya ne, ba ya zama. Idan ruwa ya ja da sauri, halittun da ba su iya gudu sukan bushe a inda suke, sheƙar karfasa ta koma kan tudu. Idan ya ja a hankali har ciyawa ta fito a filin da ya bari, dawowarsa kan zama alheri, domin ciyawar da ta nutse abinci ce kuma mafaka. Bambancin yana hannun wanda ke riƙe da makullin ƙofar ruwa, da kuma ko ya san cewa buɗewarsa da rufewarsa suna kashewa suna rayawa.

Asarar da ba a rubuta ba

Babbar asarar ba a cikin tafkin ta auku ba. Kafin 1978, Kogin Sakkwato yakan cika kowace damina ya malala cikin fadamun da ke ƙasa da Talata Mafara da Bakura. Wannan malala ita ce mafi girman gefe marar zurfi da yankin yake da shi: dubban hektoci na ruwa mai ɗumi, mai haske, a kan ƙasa mai taki. Robin Welcomme, wanda ya yi wa Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya aiki, ya nuna a littafinsa na 1979 cewa kamun kifi a kogunan Afirka yana bin girman ambaliyar shekarun da suka gabata. Shekarar da ruwa ya malala da faɗi, kifin baɗi da na baɗin baɗaɗa zai yi yawa. Tafkin Cadi, wanda zurfinsa bai wuce 'yan mitoci ba, ya ciyar da ƙasashe huɗu da banda saboda wannan dalili.

Madatsar ta rage wannan ambaliya. W. M. Adams, masanin labarin ƙasa daga Ingila da ya yi bincike a ƙauyukan da ke ƙasa da madatsar, ya wallafa a 1985 cewa noman shinkafar fadama ya ja baya, manoma sun koma gero da dawa waɗanda ba su kai ta daraja ba, noman rani na lambu ya ragu, kamun kifi kuma ya faɗi har wasu masunta suka bar sana'ar ko suka bar gida. A sama kuma, tafkin ya cinye tsohon garin Maradun da gonakinsa, aka mayar da dubban mutane sabon matsuguni a kan ƙasar da ba ta kai tasu ba. Rikicin diyya da rabon gonaki ya kai ga watan Afrilu, 1980, lokacin mulkin Gwamna Shehu Kangiwa, da 'yan sanda suka buɗe wa manoma wuta. Gwamnati ta ba da adadin mamata da bai kai 30 ba. Wasu ƙididdiga sun haura 380. Mutanen Maradun da ƙauyukanta irin su Tsibiri, da na Bakura da Talata Mafara, sun biya kuɗin wannan ruwa da tsada. Mafi ƙanƙantar haƙƙinsu shi ne a sarrafa shi da ilimi.

Hujjar ɗaya ɓangaren

Masu kare tsarin da ake kai suna da abin faɗa, kuma ya kamata a saurare su. Za su ce ba don kifi aka gina Bakolori ba. Don noman rani aka gina ta, kuma shinkafar da ake nomawa a filayenta tana ciyar da gidaje masu yawa. Gaskiya ne. Za su ce zurfi yana da amfaninsa, domin shi ne mafakar manyan kifaye idan rani ya tsananta, kuma ruwa mai zurfi ba ya ƙafewa da sauri kamar mai faɗi. Wannan ma gaskiya ne. Za su ƙara da cewa gefen da ake yabo shi ne gidan sauro da dodon koɗin da ke ɗauke da cutar tsargiya, wadda ke sa yara fitsarin jini. Babu musu a kan haka.

Sai dai duk waɗannan hujjoji suna ƙarfafa buƙatar sanin ƙasan ruwan ne. Wanda ke son yaƙar tsargiya dole ya san a wane zurfi, a kan wace ciyawa, a wane wata dodon koɗin ke yawa. Wanda ke son noman rani dole ya san yawan lakar da kogi ya zuba a tafkin cikin fiye da shekara arba'in, domin kowace madatsa tana cikewa a hankali, kuma alƙalamin 1978 ba zai ci gaba da zama gaskiya har abada ba. Kuma cewa an gina madatsa don noma bai ba kowa lasisin yin watsi da masunta da makiyaya da manoman fadama ba. Binciken da Edward Barbier da abokan aikinsa suka yi a fadamar Haɗeja da Nguru a farkon shekarun 1990 ya nuna cewa, idan aka haɗa noma da su da itace, ruwan da aka bari ya malala a fadama ya fi wanda aka tsare don babban aikin ban ruwa na Kogin Kano riba nesa ba kusa ba. A arewacin Kamaru, bayan madatsar Maga ta 1979 ta busar da fadamar Logone, an sake buɗe wa ruwa hanya a 1994, ciyawa da kifi suka fara dawowa. Abin da ake nema a nan an taɓa yin sa a maƙwabta.

Abin da ya kamata a yi

A 2014 Bankin Duniya ya amince da shirin TRIMING na kusan dala miliyan 500 domin gyara ayyukan ban ruwa a arewa, kuma Bakolori na cikin wuraren da aka zaɓa. Gyaran magudanai da ƙofofi aiki ne mai kyau. Amma Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, wadda madatsar ke hannunta, tana da wasu ayyuka huɗu da ba su kai kuɗin kilomita guda na kankare ba.

Na farko, a auna zurfin tafkin gaba ɗaya da na'urar amsa-kuwwa daga cikin kwalekwale, a fitar da taswira, a kuma wallafa ta inda kowa zai gani. Na biyu, a riƙa ɗebo ƙasan ruwa a zurfi daban-daban, damina da rani, kamar yadda Petersen ya yi, a ƙirga abin da ke ciki. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke New Bussa ta san wannan aiki tun zamanin da aka cika tafkin Kainji a 1968, kuma ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da na Jami'ar Tarayya ta Gusau da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara za su iya ɗaukarsa. Na uku, a sa sarakunan ruwa da wakilan ƙauyukan ƙasa a teburin da ake tsara jadawalin sakin ruwa, a kuma ware wani kaso na ruwan damina domin fadama, a sake shi a lokacin da kifi ke neman ciyawa. Na huɗu, a keɓe wuraren haihuwar kifi a gefen tafki da kogi, a hana jan taru mai ƙananan ido a cikinsu, a kuma hana masu tifa kwasar yashi a nan. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa duniya na cin tan biliyan 50 na yashi da tsakuwa a shekara; ramin da mai haƙa ya bari a gefen ruwa yakan zama rijiyar laka marar iska a daidai inda ya kamata rai ya fi yawa.

Za a ce rashin tsaro a yankin Maradun ya hana irin wannan aiki. Matsalar tsaro gaskiya ce mai ɗaci, amma ita ma tana da alaƙa da batun: saurayin da su ya daina ciyar da shi, da makiyayin da fadama ta bushe masa, su ne ake rasa inda za a sa su. Kuma idan har ayarin motoci na iya isa bakin ruwa ranar bikin zuba 'ya'yan kifi, kwalekwale guda mai ɗauke da igiya da rariya ma zai iya.

Bahaushe ya ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. A Bakolori ruwan yana sama kowa na ganinsa; abin da ba a tona ba shi ne ƙasan da yake kwance a kai. Duk jami'in da ya sake zuwa da robar 'ya'yan kifi, ya kamata mutanen Talata Mafara da Bakura da Maradun su tare shi da tambaya guda cikin ladabi: ranka ya daɗe, a wane zurfi za su ci abinci, kuma wa ya auna?